Neman gidan bene a Jimeta: Abin da ke jiran ma'aikacin da aka tura Yola

Takardar canjin wurin aiki ba ta cika wuce sakin layi biyu ba. Tana faɗin sabon ofishi da ranar da ake son ma'aikaci ya kama aiki, sai sa hannu da hatimi. Ba ta faɗin inda zai kwana. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadar wa wanda aka tura sabon wuri alawus na kwana 28 na farko a madadin masauki, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun wannan kuɗi ya san sau da yawa sai mutum ya daɗe da tarewa kafin ya shigo asusu. A cikin waɗannan makonni huɗu ake son ya san gari, ya sami gida, ya biya kuɗin shekara guda cur, ya nema wa yara makaranta, sannan ya kira iyali su taho.

Wani yayana da ke aiki a ɗaya daga cikin hukumomin tarayya ya sami irin wannan takarda, aka ɗauke shi daga Abuja zuwa Jihar Adamawa. Yana da mata ɗaya da yara biyar, da mahaifiya da ke zaune tare da su, da ƙani da ke karatu. A Kubwa ya shekara takwas cikin gida mai ɗaki uku, yana lissafin ranar da zai sami sarari. Da ya ji Yola, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne, kuɗin da yake biya a Abuja zai ba shi gidan bene a can har da canji. Na ɗauki hutun mako guda na raka shi. Lissafin nasa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai akwai abubuwa da yawa da bai shigar ba.

Abu na farko da baƙo yake ganewa shi ne, Yolar da ke rubuce a takardarsa garuruwa biyu ne. Akwai Yola ta Lamiɗo, wadda mutanen wurin ke kira cikin gari, a Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu. Can ne fada take, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Najeriya wadda Atiku Abubakar ya kafa. Akwai kuma Jimeta, a Yola ta Arewa, inda Gidan Gwamnati yake a Dougirei, da sakatariyar tarayya, da reshen Babban Bankin Najeriya, da babbar kasuwa, da manyan tashoshin mota. Mafi yawan ma'aikatan da aka ce an tura su Yola, a Jimeta za su yi aiki, a Jimeta kuma za su nemi haya.

Yadda aka yi gari ya zama biyu

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841 ya mai da ita hedikwatar Fombina, bayan ya zauna a Gurin da Ribadu. Sunan ya fito ne daga kalmar Fulfulde yolde, wato tudu. Gari ne na sarauta da malanta, wanda tun farko yake sa ido a kan wanda ke shigowa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, Lamiɗo Lawal bai bar shi ya wuce 'yan kwanaki ba ya sallame shi. Turawan Kamfanin Royal Niger da suka biyo baya sun yi shekaru suna ciniki daga cikin wani tsohon jirgin ruwa da suka ɗaure a Kogin Binuwai, har zuwa Satumban 1901 da sojojin Ingila suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba.

A bakin wannan kogi, 'yan kilomitoci arewa da fada, a ƙasar da Bata suke zaune tun kafin zuwan Fulani, Jimeta ta girma. Jiragen ruwa ba sa iya hawowa sai ruwa ya cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. A waɗannan watanni ake sauke gishiri da atamfa da kananzir, a ɗora gyaɗa da auduga da fatu. Aikin tasha yana son 'yan dako da akawu da masu abinci da masu masauki, kuma duk wanda ya zo nema, nan yake sauka. Fatake Hausawa suka zo, Barebari da Nufawa suka zo, daga baya Yarbawa da Ibo, tare da 'yan ƙasa daga kowace kusurwa ta lardin: Bachama, Chamba, Kilba, Margi, Kamwe, Bura da sauransu. Shi ya sa a cikin gari za a tarbe ka da jaɓɓama, amma a kasuwar Jimeta da Hausa ake ciniki.

Sunayen unguwannin kaɗai sun isa shaida. Alkalawa, Gwadabawa, Limawa, Yelwa, Ajiya, Nassarawo: wanda ya taso a Sakkwato ko Katsina zai ji kamar a gida yake. Gefensu kuma ga Rumde, kalmar Fulfulde da ke nufin rinji, ga Luggere, wato kwari, ga Doubeli da Jambutu da Karewa. Da aka ƙirƙiri Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola hedikwata, Jimeta ce ta ɗauki nauyin ofisoshi da gidajen ma'aikata. Haka aka ci gaba bayan an raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a 1991.

Garin baƙi yana da ɗabi'arsa a ko'ina a duniya, kuma misalin da aka fi sani shi ne unguwannin Sinawa. Ta Binondo a birnin Manila tana nan tun 1594. Ta San Faransisko a Amurka ta soma ne da masu neman zinariya na wajen 1849, ta cika da leburorin da suka shimfiɗa layin dogo, sannan dokar hana Sinawa shiga Amurka ta 1882, wadda ba a soke ba sai 1943, ta ƙara takure su a 'yan layuka kaɗan. Girgizar ƙasa ta 1906 ta rushe unguwar, mahukunta suka so su kwashe ta zuwa bayan gari, mazauna suka ƙi, suka sake gina ta a inda take. Har yau dubban mutane a can suna zaune a ɗaki ɗai-ɗai, suna tarayya a banɗaki da madafi, a tsakiyar ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsadar haya a duniya. Yawancin gidajen ba sa fitowa kasuwa. Ƙungiyoyin dangi da na 'yan gari ɗaya sun mallaki gine-gine da dama, labarin ɗakin da ya faɗi kuma baki da baki yake yawo, ko a wata 'yar takarda da aka manna da rubutun Sinanci.

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin shi ma haka ya yi a zangon Kumasi da Sabon Ibadan, inda maigida ko fatoma yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya haɗa shi da abokin ciniki. Haka Ibo da Yarbawa suka yi a Sabon Garin Kano. Jimeta ba ta da unguwar Sinawa. Masu son ganin irinta sai su je Ojota a Legas, ko su leƙa harkar yadi a Kantin Kwari, inda har Masarautar Kano ta naɗa Wakilin 'Yan China a 2019. Amma ƙa'idar haya a tsohuwar Jimeta ita ce ta kowane garin baƙi: gidan kirki ba ya jiran allo, kuma mai gida ya fi son sanin wanda ya kawo ka a kan sanin matakin albashinka.

Wane ne dufleks?

Kalmar da dillalai ke yawan furtawa, dufleks, ba ma'ana ɗaya gare ta ba. A yawancin Amurka gida ne guda da aka raba wa iyali biyu. A birnin Niyok sashe ne mai hawa biyu a cikin dogon bene, da matakala a cikinsa. A Najeriya kuwa gida ne mai bene, falo da madafi da ɗakin baƙi a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, ko dai shi kaɗai a cikin katangarsa, ko manne da ɗan'uwansa bango ɗaya ya raba su. A bakin dillalin Jimeta, kamar yadda muka gani da idonmu, kalmar tana iya ɗaukar duka ukun, har ma da na huɗu: sashen sama na wani gini da shaguna suke ƙasansa.

Dillalin da aka haɗa mu da shi saurayi ne mai fara'a, wanda bai taɓa kiran yayana da wani suna ba sai Yallaɓai. Kafin mu ga ƙofa ɗaya ya karɓi kuɗin ganin gida, kuma mu muka biya Keke Napep, domin an daɗe da hana acaɓa a cikin birnin. Gida na farko a bayan babbar kasuwa yake, kusa da titin Mohammed Mustapha. Tsohon gini ne mai kaurin bango da manyan tagogi, irin na 'yan kasuwar da suka yi arziki a zamanin Gongola, ɗakunan kuma sun ninka na Kubwa. Amma mota ba ta shiga layin sai da dabara, janaretocin shaguna suna ruri tun safe, kuma gidan na magada ne. Mutum uku daban-daban aka nuna mana a matsayin masu iko da shi.

A nan ne tsohuwar Jimeta take da tarko. Gidajen da suka fi kyau a tsakiyar gari na mutanen da suka rasu ne, gado kuma bai rabu ba. Ɗa ɗaya zai karɓi kuɗinka ya rubuta rasit, bayan wata uku wani ya zo da takardar kotu ko da mai saye. Ba mugunta ba ce a kowane lokaci. Wani sa'in kowannensu yana ganin shi ne wakilin gida. Amma ɗan haya ne yake kwana a ciki. Wanda ya ga irin wannan gida ya so shi, to ya nemi ganin takardar da magada suka wakilta mutum ɗaya, ya kuma je ya gaida mai unguwa kafin ya fitar da ko kwabo. A Adamawa jauro ko maijimilla ya san tarihin kowane gida a yankinsa fiye da kowane fayil.

Sababbin benaye suna Dougirei da Karewa da wajen Bekaji, da hanyar Numan, da sababbin unguwannin da ke cike tazarar da ke tsakanin Jimeta da Yola. A tsallaken gada kuma, ta hanyar Girei inda Jami'ar Modibbo Adama take, akwai rukunin gidajen tarayya na Bajabure. Waɗannan su ne wuraren da ake fara kai ma'aikacin da ya fito daga Abuja, kuma a nan ne farashi yake ba shi mamaki.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Tun da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mai da alawus kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, ma'aikacin tarayya ya zama ɗan haya kamar kowa. Sai kuma ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi. Jama'ar Mubi da Michika da Madagali da kudancin Borno suka kwararo Yola. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, Cocin Saint Theresa ta saukar da dubbai, amma mafi yawan masu gudun hijirar a gidajen 'yan'uwa da ɗakunan haya suka sauka, kuma da yawa ba su koma ba. A bayansu ƙungiyoyin agaji na duniya suka zo, masu biyan haya da kasafin da aka yi da dala, suna neman daidai irin gidan da yayana yake nema: bene, doguwar katanga, wurin ajiye motoci. Masu gidaje sun ɗanɗana wannan farashi, kuma ko da wasu ƙungiyoyin suka rage aiki, bakin bai manta ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da tashin siminti da rodi suka ƙara nasu.

Akwai kuma wata tambaya da ba a rubuta ta a yarjejeniya. Jimeta ta ga tarzomar Maitatsine a 1984, ta ga bama-bamai a 2015, a kasuwa da masallacin Jambutu da tashar tifa. Kamar Kaduna da Jos, ko da yake bai kai nasu tsanani ba, mutane sun koyi zaɓen unguwa da la'akari da inda masallaci ko coci yake. Dillali zai tambayi sunanka da garinku cikin ladabi, daga amsar kuma zai san inda zai kai ka da inda ba zai kai ka ba. Wasu masu gida ba sa ba gwauro, wasu ba sa ba mai yara da yawa, wasu kuma da sun ji mai kaki ne ko lauya sai su ce an riga an kama. A ganina baƙo ya fi dacewa ya gaya wa dillali ƙarara cewa yana son ganin ko'ina, domin yawancin unguwannin ma'aikata a cakuɗe suke, kuma zaman lafiyarsu ya fi abin da ake faɗa daga nesa.

Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa

Gida na huɗu shi ne ya kusa cin kuɗin yayana. Sabon fenti, tayil har bango, rijiyar burtsatse, boskwata mai ɗaki biyu a baya da za ta ishi ƙaninmu, kuma farashin ya yi ƙasa da na sauran da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yayana ya riga ya fara raba ɗakuna a baki. Ni kuma aikina na gyaran rubutu ya koya mini zargin duk abin da ya cika tsafta. Na zagaya bayan katanga, inda mai fenti bai kai ba, sai ga layi mai ruwan ƙasa ya miƙe a jikin bulo, daidai ƙuguna. Wani dattijo mai sayar da itace a bakin layin, da muka gaishe shi muka ce Baba, yaya damina a nan, bai ɓoye mana komai ba.

A nan ne hannun Sinawa ya taɓa harkar gidaje a Jimeta, ta hanyar da ba wanda ya tsara. Madatsar ruwa ta Lagdo, a kan Kogin Binuwai kudu da Garwa a Kamaru, wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina ta tsakanin 1977 da 1982. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka yi niyyar ginawa a ɓangaren Najeriya don ta tare rarar ruwan, har yau ba a gina ta ba. Duk shekarar da Lagdo ta cika aka buɗe ta, Adamawa ce jiha ta farko da ruwan yake samu. Haka aka yi a 2012, haka aka yi a 2022. Unguwannin da ke gangaren kogi da kewayen Tafkin Geriyo su suka fi sanin wannan labari.

Amma kuskure ne mutum ya ɗauka in ya nisanci kogi ya tsira. Ambaliyar ranar 27 ga Yulin 2025, wadda ta kashe sama da mutum 20 a Yola ta Kudu, ruwan sama ne da ya sauka da asuba, ya tarar da hanyoyinsa an gina gidaje a kai. Shagari Lowcost da Sabon Pegi da Yolde Pate suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. A lura da sunan na ƙarshe: yolde ne, tudu, amma ruwa ya shiga. Sunayen da magabata suka raɗa suna faɗin yadda ƙasa take a lokacinsu, kafin a cike fadamu a yanka filaye. Ma'aikatan da ake turowa a farkon shekara kuwa suna zuwa ne lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, kwari da tudu duk kamarsu ɗaya. Wanda zai kama gida da rani, ya duba bayan katanga, ya duba ko an ɗaga dokin ƙofa fiye da kima, ya dubi tsayin da aka sa soket a bango, sannan ya tambayi maƙwabcin da ba shi da ko sisi a cikin cinikin.

Masu son bene suna cewa ai amfaninsa ke nan, in ruwa ya shigo a hau sama. Gaskiya ne, bene ya ceci rayuka. Amma mota da firji da buhunan abinci da janareto duk a ƙasa suke, kuma ba kasafai yarjejeniyar haya take cewa mai gida zai biya ko tsinke ba.

Sai zafi. Yola tana cikin kwarin Binuwai, kuma a Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haura digiri 40 a kai a kai. Ɗakunan saman bene su ne ke ƙarƙashin kwano kai tsaye. Abin da rufi ya sha tun hantsi, da dare yake amayar da shi a kan masu barci. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa suke ɗaga silin su buɗe tagogi ta fuska biyu. Sababbin benaye da yawa an kwaikwayo su ne daga Gwarinpa da Lokogoma, da ƙananan tagogin gilashi masu zamewa waɗanda rabi kawai suke buɗewa, an gina su da zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta yi aiki dare da rana. Wannan zato ya dogara ne ga wuta. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, a ƙarshen dogon layi yake, kuma tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, unguwar da ta fi samun wuta ita ta fi biya. Don haka tambayar ba ta tsaya ga ko akwai wuta ba. A wane rukuni layin yake, akwai mita mai kati, kuma akwai tsohon bashi a kanta? Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta sha faɗin cewa bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon ɗan haya ba, amma ya fi sauƙi a warware wannan kafin a biya haya a kan a yi ta zarya bayan an yanke waya. Ruwan famfo kuma ba abin dogaro ba ne a yawancin sababbin unguwanni. In babu burtsatse, 'yan ga-ruwa ne, kuma hawa da jarka sama aiki ne da ake biya daban. In akwai, injinta wuta yake ci.

Mahaifiyarmu ma ta shiga lissafi a nan, ko da yake tana Abuja. Mace mai ciwon gwiwa ba za ta hau matakala sau biyar a yini ba, ɗakin ƙasa ɗaya tilo da dufleks yake da shi kuwa an yi shi ne don baƙo, yana kallon falo.

Kuɗi da takarda

Kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. A ce, don misali kawai, an yi ciniki a kan naira miliyan 3 a shekara. La'adar dillali, wadda aka saba yanka ta kashi 10 cikin 100, dubu 300 ce. Sau da yawa akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, wanda shi ma yakan kai haka, sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda a ƙa'ida ake mayarwa in an tashi, a aikace kuma sai an yi da gaske. Kafin a sa labule an doshi miliyan 4. Wasu masu gida kuma shekara biyu suke nema a dunƙule. Legas ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya tun dokarta ta 2011. A nan abin ciniki ne, kuma ma'aikacin da ya san za a iya sake ɗauke shi kowane lokaci bai kamata ya yarda da shekara biyu ba sai an rubuta yadda za a mayar masa da ragowar kuɗinsa, ko a ba shi izinin sa wani a madadinsa.

Wannan ya fi shafar hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa, waɗanda aikinsu ke tafiya da na ubangidansu. Wanda ya kama bene a Dougirei don ya kasance kusa da inda ake shawara, ya tuna cewa wa'adin haya da wa'adin muƙami ba lallai su ƙare rana ɗaya ba.

Rasit ya ƙara daraja tun da sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026. Dokar ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, amma kada ya wuce naira dubu 500. Ba kuɗi ne za a ba shi a hannu ba. Ana cire adadin ne daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji. A misalinmu na miliyan 3, kashi 20 ya kama dubu 600, don haka dubu 500 za a cire. Duk hayar da ta kai miliyan 2 da rabi ta riga ta cike gurbin. Ba a samun wannan sai an bayyana abin da aka biya, kuma wanda ya tura kuɗi asusun dillali ba tare da yarjejeniya mai sunan mai gida ba, zai sha wuyar kafa hujja.

Yarjejeniyar ita ce kuma take faɗin wa'adin tashi. A mafi yawan jihohi, in ba a rubuta wani abu daban ba, mai biyan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sannan sanarwar kwana bakwai kafin a je kotu. Amma abin da aka sa wa hannu shi yake gaba, kuma yarjejeniyoyi da yawa suna rage wata shidan zuwa ɗaya a wani layi da ke can ƙasan shafi na uku. A karanta. A rubuta wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, wanda zai kwashe masai in ya cika, da wanda zai sayi sabon injin burtsatse in ya ƙone. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar karɓar makulli, a tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa tun ranar da ya fara aiki, ƙarƙashin dokar 1992, yana iya jin ciwon cewa har yanzu rasit ɗin wani yake tarawa. Wannan wani zance ne na wata rana.

A rana ta shida, wani abokin aikin yayana, mutumin Hong da ya shekara ashirin a ofishin, ya ji labarin wahalarmu ya yi dariya. Ya kai mu wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin Gongola, a Karewa. Gidan ba bene ba ne. Shimfiɗaɗɗen gini ne mai ɗaki huɗu, da dogon silin, da baranda ta gabas, da bishiyoyin darbejiya uku da mangwaro ɗaya a tsakar gida, a kan tudun da ruwa ke gangarewa ya bar shi. Ba a taɓa ba dillali shi ba. Baba Alhaji ya tambayi garinmu da sunan mahaifinmu da adadin yara, ya tambayi abokin aikin ko ya tsaya mana, sannan ya faɗi kuɗinsa, shekara ɗaya. Yayana ya nemi a rubuta yarjejeniya, dattijon ya ɗan ɓata rai, daga baya ya aika aka kira ɗansa lauya. Tayil ɗin tsohon yayi ne, ƙofar madafi tana buƙatar kafinta, ƙaninmu kuma zai raba ɗaki da babban yaron gidan. Iyali sun taho a mako na biyar. Alawus ɗin kwana 28 ya shigo bayan wata bakwai.